Kyamarar da Na Juya Ta Kalle Ni

Zuwa ga Mama Tutai,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki ajiye takardata a layi, domin abin da ke cina ba zai jira ba. Ni tsoho ne, na haura saba'in. Ki yi haƙuri da rubutuna in ya karkace. Ban yi makaranta ina yaro ba, sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma a zauren cocinmu, ina zama a bencin yara gwiwata na neman taɓa haɓata. Duk sunayen da zan ambata na aro ne, tunda a jarida za ki buga takardar nan. Na san Rarotonga, ɗan tsibirin nan namu, ba ta da faɗin da za ta ɓoye mutum, amma dai ki bar mini wannan ɗan mayafin.

Bari in fara da farin cikina, don in ba ki san shi ba, ba za ki gane tsorona ba.

Ina da jika, Mama. Zan kira shi Tamarua. Ya kusa shekara biyar, kuma in kin gan shi sai kin ce da gangan Allah ya zauna ya yi shi. Tun da matata Matangaro ta rasu muka binne ta a gaban barandarmu kamar yadda ake yi a nan, gidan ya yi mini girma. Nakan dafa gwaza in manta da ita a wuta. Nakan yini ban yi magana da kowa ba sai kaji. 'Yarmu guda ce, Moeroa, tana birnin Auckland can ƙetaren teku tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Gida ta dawo ta haihu, ni da hannuna na binne mabiyiyar na dasa kwakwa a kai. Da aka yaye yaron ta sake dawowa, ta ɗora mini shi a cinya kamar yadda iyayenmu suke yi da jikan fari, ta ce, "Papa, ga abokin hira. Ka ciyar da shi yadda ka ciyar da ni." Dangin mijinta ba su so ba. Na ji da kunnena wata daga cikinsu tana cewa tsohon da ba shi da mace a gida ba ya riƙe yaro, sai dai yaro ya riƙe shi. Moeroa ta tsaya kai da fata. Ita kaɗai ta tsaya mini.

Daga ranar na dawo mutum. Ba a taɓa sa wa kansa almakashi ba, gashinsa ya sauko har gadon baya, kuma ni nake kitse masa shi. Da tsufana na koyi kitso, yatsun da suka saba da koma da zaren fatsa. Kullum da safe sai in ɗora shi a bayan babur, in ɗaure shi a ƙuguna da zanen kakarsa, mai ruwan ɗorawa da jajayen furanni, in kai shi makarantar ƙananan yara. Ɗaurin masunta nake yi, wanda ba ya kwancewa sai wanda ya ɗaura ya kwance. Muna tafe muna waƙar coci, shi yana ɓata baitin da gangan don in yi masa faɗa. Ina kiransa abokina, shi kuma yakan ce, "Ni ba abokin mai sanƙo ba ne." Ƙarshen shekarar nan za a yi bikin askinsa. Aladu na nan ina kiwo, matan dangi sun kusa gama ɗinkin bargunan da za a shimfiɗa ranar, Moeroa da mijinta da dangin mijin duk sun shirya zuwa. Na daɗe ina ganin ranar a raina: yaron a zaune kan kujera, an raba gashinsa tufka tufka da ƙyallaye, ana kiran sunan mutane ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in tashi da almakashi kowa ya ga tsohon da aka ce ba zai iya ba.

To, kyamarar. Moeroa ce ta aiko da ita, 'yar ƙarama kamar akwatin ashana, irin wadda matasa ke maƙalawa a babur. Ta ce tana so ta riƙa ganin tafiyarmu ta safe a wayarta in ta tashi daga aiki. Takardar bayanin da ke cikin kwalin rubutunta ƙanana ne kamar ƙwan kifi, amma na zauna na karance ta tsaf, ban nemi kowa ba. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba.

Da farko a kan hular kwano na manna ta, yadda aka zana a takardar. Wanda ya zana bai taɓa zama a tsibirin nan ba. Kin san mu, ba ka wuce mutum a hanya ba ka ɗaga masa kai ba, ko da kuwa jiya kuka yi faɗa. Ni kuwa daga gida zuwa makaranta babu wanda ban sani ba. Da muka kalli bidiyon, babu komai a ciki sai sama, sai kan bishiyar kwakwa, sai kwalta, sai sama kuma. Moeroa ta yi dariya har ta ƙware, ta ce, "Papa, kai ne ke tuƙin nan ko kaza ce ke shan ruwa?" Sai na cire ta na mayar da ita hannun babur da maƙalinta mai noti. Nan kuma jijjiga ta hana, hoton yana rawa kamar an ɗauke shi cikin kwale-kwale. Na yanko robar tsohon tiyub na naɗa a ƙarƙashin maƙalin, na ƙara matse notin, na kuma ɗaura mata zaren fatsa zuwa jikin babur don ko ta suɓuce kada ta faɗi. Na koyi goge gilashinta kafin mu tashi, saboda iskar teku na bar masa gishiri. Hoto ya fito tas. Na riƙa aika mata ba tare da na tsaya kallo ba, tunda hanyar da na bi ce, me zan gani?

A cikin kwanakin nan ne ƙanwar matata, Upokoina, ta fara yi mini tsiya. Tana da tebur a bakin hanya, tana sayar da gwanda da ɗanyar kwakwa, kuma tun muna matasa ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ran nan bayan coci ta tare ni ta ce, "Sannu, Bature. Tun da aka ba ka kyamara ka daina ganin talakawa. Ina ɗaga maka hannu kana wuce ni kamar kututture." Na ce mata idonta ne ya tsufa, wani tsohon ta gani. Ta ce, "Tsoho nawa ne a tsibirin nan ke yawo da zanen yayata a ƙugu?" Ta ce ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na rantse mata ban taɓa wuce ta ban gaishe ta ba, kuma har ga Allah gaskiyata nake faɗa. Muka rabu tana cewa girman kai ya kama ni da tsufa. Raina ya ɗan sosu, na daina tsayawa a teburinta.

Sai Moeroa ta bugo ta ce, "Papa, kwaltar nan na san ta tun ina goye. Ɗana nake son gani." Gaskiyarta. Na kwance maƙalin na mayar da shi kan sandar madubi, na juya kyamarar tana kallon baya, na yi ta gwadawa har na sami inda za ta kama fuskar yaron in ya leƙo ta ƙarƙashin hammatata. Dole rabin hoton ya zama ni ne, ba yadda zan yi. Washegari muka yi tafiyarmu lafiya, muka yi waƙa, na sauke shi, na dawo. Da rana na zauna a baranda kusa da kabarin Matangaro na ce bari wannan karon in kalla kafin in aika, in ga ko na saita daidai.

Mama, ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Farkon bidiyon yana da kyau. Ga abokina yana leƙowa yana gwalo, kitsonsa na tashi a iska. Ga ni ina waƙa ina ɗaga wa mutane kai. Muna shan kwanar da ke gaban coci sai waƙar ta tsaya a bakina a tsakiyar kalma. Idona a buɗe yake, amma babu kowa a cikinsa. Na taɓa wanke gawa, na san irin wannan kallon. Bakina ya shiga motsi kamar mai tauna, alhali ba na cin komai. Hannuna na hagu ya saki babur ya koma yana tsinkar maɓallin rigata. Na dama yana nan kan totur. A bayanmu ina ganin farin layin tsakiyar titi yana matsowa, yana matsowa, har ya shiga ƙarƙashinmu ya fita ta ɗaya gefen. Sai ga teburin Upokoina ya wuce, ga ta tsaye tana ɗaga hannu, sannan ta riƙe ƙugu.

Yaron ya ɗaga mata hannu. Sannan ya leƙo ya dubi fuskata a madubi. Bai yi kuka ba, bai firgita ba, kuma wannan ne ya fi kashe ni. Ya ce a hankali, kamar mai ba wa kansa labari, "Papa ya tafi kuma." Ya kwantar da kumatunsa a bayana, ya ƙanƙame ni, ya ɗauki waƙar daga inda na yar da ita, wannan karon bai ɓata ko kalma ɗaya ba. Tsakanin baiti yana cewa, "Papa, dawo. Papa, dawo." Abin bai fi tsawon addu'ar cin abinci ba. Sai na ga na ƙifta ido, na mayar da hannuna, na karkato da babur gefenmu, na ci gaba da waƙa ina murmushi, har da ɗaga wa wani mai yankan ciyawa kai.

Ban tuna komai ba. A wurina tafiyar nan ba ta da giɓi ko kaɗan.

Na koma kan tsofaffin bidiyon da na riga na aika, waɗanda ke kallon hanya. Yanzu da na san abin da nake nema, na same shi. Wuraren da waƙata ke yankewa, hanya ta karkace. A ɗaya har bas ɗin da ke zagaya tsibiri ya taho yana danna hon, ya kauce ya hau ciyawa. Moeroa ta kalli wannan, na tuna ta ce in riƙa lura da direbobin bas, ba su da hankali. Ni ma na taya ta zaginsu.

Da yamma ina yi masa kitso na tambaye shi, cikin wasa, ina nake tafiya in na tafi. Ya ce, "Wajen Mama Matangaro mana. Kana zuwa ka gaishe ta ka dawo." Na ce me ya sa bai taɓa gaya mini ba. Ya ce ai na sani, tunda ni ne nake zuwa. Na ce ba ya jin tsoro? Ya ce, "A'a, ai ka ɗaure ni."

Ai ka ɗaure ni. Tun ranar maganar nan ba ta bar kunnena ba. Ɗaurin da nake taƙama da shi, wanda ba ya kwancewa. Da na faɗi, da tare za mu faɗi, ba shi da hanyar tsira ko da ya so. Nakan dubi zanen a kan igiya in kawar da kai. Wani lokaci kuma nakan dubi kabarin in ce ko gaskiyar yaron ne, ko kirana take yi a hankali, kaɗan kaɗan, har ranar da ba zan dawo ba. Na san ba haka aka koya mana a coci ba. Amma tsoro ba ya zuwa coci.

Na jingine babur na ce wa mutane ya lalace. Maƙwabcina ya zo da kayan aikinsa, ya buga sau ɗaya ya tashi, ya dube ni ya ce, "Babur dai lafiyarsa ƙalau, sai dai a duba mai shi." Dariya yake yi, bai san ya taka gaskiya ba. Yanzu da ƙafa nake kai yaron, yana mita, duk mai wucewa sai ya tsaya ya tambaye mu abin da ya faru. Moeroa kuma kullum tana tambayar bidiyon ɗanta. Na ce mata ruwan gishiri ya shiga kyamarar. Ban taɓa yi wa 'yata ƙarya ba sai yanzu, kuma ta ce za ta sayo wata ta taho da ita.

Ga abin da nake tsoro, in faɗa miki ƙarara. In na gaya mata, za ta ɗauke shi. Ko ita ba ta so, dangin mijinta za su ce ai dama sun faɗa, kuma wannan karon ba ta da bakin kare ni. Za a yi askin, a ci aladuna, a naɗe barguna, a hau jirgi da shi, in koma magana da kaji. In kuma na je asibiti, kafin in sauko daga tudun da asibitin yake, labari ya riga ni isa gida.

Shi ya sa nake tunanin ko in goge bidiyon. Danna abu ɗaya ne, na karanta yadda ake yi. Wataƙila gajiya ce, ina tashi da wuri saboda aladu. In na huta, in na riƙa bin hanyar baya ta cikin gonaki inda motoci ba su da yawa, a hankali, ba zai yiwu ba? Ko in daina ɗaure shi? Ko dai in yi shiru har a gama biki, in tsaya da almakashina sau ɗaya a gaban mutane, sannan in faɗa? Ban taɓa yin farin ciki irin na shekarun nan ba, Mama, kuma ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ki gaya mini abin da zan yi.

Naku,
Kakan Mai Dogon Gashi

*

Papa,

Rubutunka bai karkace ba, kuma malamin ajin yamman nan ya ci ladansa. Na cire launin babur ɗinka da sunan ƙauyenku, domin ka sauya sunayen mutane amma ka bar waɗannan.

Kafin ka ƙarasa karanta amsata, tashi ka kai wa maƙwabcinka makullin babur, ka ce ya riƙe maka. Na san ka jingine shi, kuma ka yi daidai. Amma mutumin da ya fara tambaya ko hanyar baya za ta yi, wata safiya da ruwan sama zai ba wa kansa amsa. Hanyar baya tana da ramukan gwaza da kwalbatoci da karnuka. Daina ɗaure yaron kuma sauya masa irin faɗuwa ne kawai. Ba ka da tafiya a kan babur, kai kaɗai ko da shi, sai likita ya ce ka hau.

Ni ba likita ba ce, ba zan sa wa abin suna daga nan ba. Abin da na sani shi ne irin wannan ɗaukewar tana da dalilai da yawa. Akwai nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da mutum, takan kuma fara da tsufa. Akwai matsalar suga, akwai ta zuciya, akwai maganin da mutum ke sha ya juya masa. Da yawansu ana shawo kansu da magani, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Gajiya ba ta sa mutum tauna iska yana tsinkar maɓalli. Ka je asibiti cikin makon nan, wani ya kai ka. Kafin nan, kada ka shiga ruwa kai kaɗai ko da yaron, kada ka hau bishiya ko tsani, kada ka tsaya kan wutar gashi ba kowa kusa.

Kada ka goge bidiyon nan. Yawancin masu irin ciwonka sukan je gaban likita da "an ce na yi kaza", likita ya yi ta lalube. Kai za ka je da abin a hannu, daga farkonsa har ƙarshensa, da fuskarka a fili saboda ka iya saita kyamara. Ka kai har da tsofaffin bidiyon. Wannan robar tiyub da ka naɗa ta yi maka aikin da ba ka sa ta ba.

Game da Matangaro, ban san ta ba, amma na san mata. Wadda zanenta ke riƙe da jikanta ba za ta kira ka a tsakiyar titi ba. Ciwo ne, Papa, irin na jiki.

Yanzu maganar da ta fi zafi. Tsoronka ba shirme ba ne, kuma ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Mai yiwuwa Moeroa ta ce za ta ɗauke shi, na ɗan lokaci ko fiye. Ɗanta ne, tana da wannan haƙƙin, kuma dangin mijinta ba mugaye ba ne don sun damu da jininsu. Amma dubi ɗaya gefen. Mace ce da ke yini cikin tsofaffi, ta san bambancin tsohon da ke da ciwo yana shan magani da wanda ke ɓoye ciwo. Na farko ana iya barin yaro a gidansa in an yi tsari. Na biyu ba a iyawa. Ita ce ta tsaya maka lokacin da kowa ya ce a'a. In ka bari ta sauka daga jirgi, ta ji a bakin teburin gwanda ko a bakin ɗanta, ka kunyata ta a gaban surukanta, kuma ka ƙwace mata abin da za ta sake kare ka da shi. Shirun da kake so ka yi har bayan biki, shi ne hanya mafi sauri ta rasa yaron.

Akwai kuma wanda ba ka sa a lissafi ba. Yaro ɗan shekara biyar yana ta gadin kakansa shi kaɗai, yana rera waƙa don ya dawo da kai. Ya yi jarumta, amma ba aikinsa ba ne. Ka zaunar da shi ka gode masa, ka gaya masa ba wajen kakarsa kake zuwa ba, ciwo ne kuma likita zai duba. Ka koya masa in ya sake ganin haka ya ruga ya kira babba. Ka sauke masa wannan kayan.

Sannan ka je wurin Upokoina da ƙafarka. A duk tsibirin nan ita kaɗai ta lura akwai abin da ba daidai ba, ta kuma faɗa maka a fuska, ka saka mata da ƙaurace wa teburinta. Ka ba ta haƙuri, ka nuna mata bidiyon. Za ta yi kuka, za ta zage ka, sannan za ta tambayi ƙarfe nawa ake kai yaron makaranta. Ka bar ta ta taimaka. Ku zauna da ita da maƙwabcinka ku tsara wa zai riƙa kai shi, wa zai riƙa leƙo ku safe da yamma, wa zai kwana a gidan in an fara magani. In ka kira Moeroa da ranar ganin likita a hannu da sunayen mutanen da suka ɗauki nauyi, magana ce daban da ta tsoho shi kaɗai yana kuka a waya. Labari kuwa zai zaga, ba makawa. Gara ya zaga cewa Papa ya gano ciwonsa ya ajiye babur saboda jikansa.

Ka kira Moeroa kafin Lahadi. Ka fara da ƙaryar ruwan gishiri, ka janye ta, kada ta kashe kuɗinta a banza. Ka gaya mata da bakinka abin da za ta gani, kuma ta sami wani kusa da ita kafin ta buɗe. Sannan ka aika. Ta ce ɗanta take son gani. Za ta gan shi, za ta ga irin yaron da ka tayar mata, za ta kuma ga mahaifinta da ya kalli wannan abin tsoro bai danna gogewa ba.

Ranar askin, ka ba wa wani kyamarar ya riƙe, kai aikinka almakashi ne. Ba a buƙatar babur kafin a yanke tufkar fari, kuma duk inda yaron ya kwana bayan biki, kwakwarsa a tsakar gidanka take. Zanen kuma kada ka tsane shi. Ka wanke shi ka shimfiɗa masa a kan kujerar.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya abokinka, ya sa likita ya gano abin da wuri. Ka gaishe mini da Upokoina, ka ɗaga kai sosai yadda za ta gani.

Mama Tutai